Gidan Ɗanhausa a Kan Takarda

Kankara,
farkon kaka.

Zuwa ga Yayana Ubale,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, yaya Legas, yaya kasuwa? Yaya Anti Nana da yara? Ina fatan kuna lafiya kamar yadda muke nan, sai godiyar Allah.

Kada ka yi wa rubutuna dariya. Tun da aka yanke sabis ɗin waya a yankinmu kowa ya koma neman biro, wayata kuwa ta zama tocila. Direban da ke kai tumatir kudu ne zai miƙa maka wannan.

Na je Sabuwa wurin Gwaggo Larai na dubo Baba. Jikinshi lafiya, yana cin abinci, amma Yaya, hankalinshi ba ya tare da mu. Wuni yake a ƙofar gida yana fuskantar hanyar Faskari. Ya rantse da zarar an yanke dawa zai taka da ƙafa har Gidan Ɗanhausa, ya ga ko gidanmu na tsaye. Ka san su wa ke kwana a dajin nan tun da suka tashe mu. Gwaggo ta yi kuka, ta yi faɗa, ya ce mata ai ba izini ya nema ba. Wallahi tsoro nake ji, don ka san Baba ba ya faɗin magana sau biyu.

Sai bakina ya riga hankalina. Na ce mashi ya jira ni, zan kawo mashi ƙauyen a kan takarda, gida bayan gida, ba sai ya taka ba. Ya dube ni irin kallon da yake yi wa mai tallan maganin gargajiya, amma ya ce zai jira har a gama yanka.

Ba ƙarya na yi ba. Akwai wata taswira da masu sa kai daga ƙasashe daban-daban ke zanawa, suna duba hotunan da aka ɗauka daga sama suna bin hanyoyi da rufin gidaje. Na aika wa Blessing, ɗiyar Kawu Mani, tunda ita tana Katsina inda ake da sabis. Ta sauko da ta Najeriya gaba ɗaya, ta aiko mani a filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta. Fayil ɗaya ne tak, irin wanda ake kira XML: rubutu ne zalla, kowane abu da alamar buɗewa da ta rufewa, ƙanana a cikin manya, duka kuma a cikin uwa guda.

Ga inda matsalar take. Tsohuwar kwamfutar shagon da nake aiki, in aka ce ta buɗe fayil, so take ta ɗauke shi duka a memorinta kafin ta nuna ko harafi ɗaya. Wannan kuwa ya ninka memorinta ban san sau nawa ba. Sai ta yi ta huci, fankarta na kuka, can ta sandare. Na kashe na kunna har na ji tausayinta.

Ka yi mani addu'a. A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Suwaiba.

Kankara,
an fara yankan gero.

Yaya Ubale,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina gajiya, yaya jikin Anti Nana? Saƙonka ya iso, na kuma ji tsiyar da ka yi mani, wai karatun kwamfutar da aka kashe wa kuɗi ya kasa buɗe takarda ɗaya. To ka saurara.

Na tuna abin da malaminmu ya taɓa koya mana, lokacin ina gyangyaɗi a bayan aji. Ba dole sai an ɗauki fayil duka ba. Ana iya sa kwamfuta ta bi shi tun daga farko kaɗan-kaɗan, duk abin da ta kai ga alamar rufewarshi ta tsaya ta duba, in ana so ta ajiye, in ba a so ta saki ta wuce. Kamar dai mai shiƙa, abin da ke cikin ƙwarya kaɗai ke hannunta. Na rubuta mata wannan umarni, na ce ta nemo mani sunan Gidan Ɗanhausa.

Ta fara lafiya lau har na yi guɗa, mai shago ya leƙo. Can kafin azahar sai ta sake sandarewa. Kai, na ji kamar in jefa ta rijiya! Na yi ta bincike kafin na gano laifina ne. Ina zubar da cikin kowane abu, amma ɓawonshi na nan maƙale da uwar fayil ɗin, ɓawo kan ɓawo har memori ya cika. Da na sa ta riƙa sharewa har da ɓawon, sai ta natsu, fankar ma ta yi shiru.

Yaya, da ka zo ka ga abin da na gani. Na sa ta riƙa nuna kowane suna kafin ta sake shi. Sunayen ba sa bin tsarin ƙasa, yadda aka shigar da su suke zuwa. Sai ka ga Kalaba, ka ga Illela a bayanta, wata rijiya a Borno, wata coci a Nsukka, wata tashar kwale-kwale da ban taɓa jin sunanta ba. Kowanne ya haska sau ɗaya ya ɓace. Rana ta yi zafi, ba mai shigowa shago, na yi tagumi ina kallo. Ban san lokacin da idona ya rufe ba. Na ganni zaune a bakin wani rafi, garuruwa na wucewa a kan ruwa da masallatansu da awakinsu da hayaƙin girkinsu, mutanen ciki na ɗaga mani hannu. Ina ta leƙa kowanne ko zan ga tsamiyar ƙofar gidanmu. Ba wanda na riƙe, kuma abin mamaki raina bai ɓaci ba, daɗi ma nake ji.

Da na farka inuwa ta kai tsakiyar titi, fayil ya ƙare. Najeriya duka ta wuce ta gabana, babu Gidan Ɗanhausa. Pauwa ta fito, Mabai ta fito, Daudawa ta fito, mu babu. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Ji na yi kamar ba a taɓa haihuwarmu ba.

Gwaggo ta aiko cewa dawa ta fara sunkuyar da kai, Baba kuma ya kai takalmanshi wurin mai gyara.

Allah ya sada mu da alheri.

Taka,
Suwaiba.

Kankara,
ana yankan dawa.

Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali. Wannan gajera ce, direba na jira.

Na zauna na yi tunani. Wanda ya zana taswirar daga wata ƙasa rufi yake gani, ba ya jin suna. Ina zai san kakanmu Ɗanhausa? Saboda haka na bar neman suna. Na ɗauki lambobin da ke nuna inda Daudawa take, na auna tazarar da mukan taka daga can zuwa gida ran kasuwa, na yi shinge. Na sake sakin fayil ɗin daga farko, tunda da ɗigogi da layuka aka zana taswirar, na ce duk ɗigon da ya faɗo cikin shingen a riƙe shi, saura a bar shi ya wuce. Ɗigogi ne ke fara zuwa, layukan da ke haɗa su sai can baya, don haka har kusan ƙarshe ba abin da nake da shi sai tarin lambobi.

Da ta gama na sa ta zana. Farko wani siririn layi ya fito yana lanƙwasa, na ce wannan ai rafin da muke wanki ne. Na bi shi da yatsa har kwanar da ke bayan dutse. Yaya, ga mu nan. Gidaje a cure, ƙananan da'irori na rumbuna, hanyar shanu ta ratsa ta gabas. Abin da na riƙe daga ƙasar nan duka bai kai nauyin hoto ɗaya na waya ba. Na daɗe zaune ina jin ƙamshin dawa sabuwar sussuka a cikin shagon da ba komai sai takarda da tawada.

Amma wani abu na damuna. A zanen kowane gida na tsaye da rufinshi, ba alamar wuta ko ɗaya. Kada in je in ƙara wa Baba ƙarfin gwiwar tafiya da hannuna. Duk da haka na yi alkawari, gobe in Allah ya kai mu zan bi motar Sabuwa.

Ƙanwarka,
Suwaiba.

Sabuwa,
ranar Juma'a.

Zuwa ga Yaya Ubale,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Gwaggo na gaishe ku, Baba ma haka.

Na iso na tarar an gama yanka. Gwaggo ta ja ni gefe ta ce ya riga ya yi sallama da maƙwabta. Na shimfiɗa mashi takardar a kan tabarma ƙarƙashin dalbejiya.

Bai tambayi ina ne gabas ba. Ya ɗora yatsa a kan rafin ya bi shi a hankali, yana kiran gidajen ɗaya bayan ɗaya da sunan masu su, har da waɗanda na manta. Fuskarshi ta saki, har ya yi dariya da ya ga rumbun Malam Sha'ibu da ya karkace. Ya ce to ga shi komai na nan, me ake tsorata shi da shi. Na buɗe baki in ce mashi hoton na iya zama tsoho, sai na ga yatsan nashi ya tsaya a cikin gidanmu.

Can ya ce ɗakin da aka gina maka na aure ba ya nan, wurin fili ne. Ya matsa kaɗan zuwa wata 'yar da'ira a kusurwar yamma, ya ce wannan kuma madafar Innarmu ce, Allah ya jiƙanta. Ka tuna ta rushe a daminar da ta biyo bayan rasuwarta, ya hana a sake ginawa. Ya ce ashe ranar da aka ɗauki hoton nan tana ciki, wataƙila ma tuwo take tuƙawa.

Gwaggo ta rufe fuska da gyale. Ni kuwa ina kallon 'yar da'irar har na fara ganin hayaƙi na fita ta jinkarta.

Da aka kira sallah bai tashi nan da nan ba. Ya ce mana wannan garin ne yake son zuwa, kuma ya gane ko ya taka har ƙafarshi ta tsage ba can hanyar za ta kai shi ba. Ya ce a faɗa wa maƙwabta ya fasa.

Yanzu takardar na manne a bangon ɗakinshi, daidai inda idonshi ke sauka in ya kwanta. Abu ɗaya ya roƙe ni, wai in na koma Kankara in tambayi na'urar ko za ta iya ƙara wa madafar girma, ko da za a ga ƙofa. Na san da'ira ce kawai, ba abin da ke cikinta. Na ce mashi to.

Ka gaida Anti Nana da yara. Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Suwaiba.