Tarin Alhaji Babaji

Asabar, 29 ga Mayu, 1999

Soja sun miƙa mulki. Rediyo sai faɗi yake an samu 'yanci. Ni kam yau aka kama ni. Autana Rabe ya ci kujerar majalisar jiha, ya kwaso ni daga Ƙofar Guga ya dire ni a GRA, wai uwar Honarabul ba ta zaman rumfa. Shekara ashirin da biyu ina saida atamfa. Ajina huɗu na elemantare sai yau ya yi mani rana: ba abokin hira, sai littafin nan.

Talata, 8 ga Yuni

Unguwar nan har ƙadangarunta da natsuwa suke tafiya. Fadila, matar Rabe, yarinyar kirki ce, amma cikin tafin hannu take dariya.

Na zauna na tambayi kaina, wai me nake kewa? Ba ciniki ba ne. Kwaikwayo ne. A rumfa mace za ta taya ta wuce, kafin ta kai bakin layi na ɗauke muryarta da tafiyarta, maƙwabta su yi ta riƙe ciki. Ashe tun rasuwar Malam, mai gidana, abin da ke riƙe da ni ke nan, ban sani ba.

Juma'a, 18 ga Yuni

Na yi mai karanta labaran talabijin a gaban madubi. Ya fito sak. Ba mai gani.

Lahadi, 27 ga Yuni

Taron suna a Ƙofar Kaura, gidan ƙawata Delu. Bayan la'asar mata suka sa ni gaba. Delu ta ce, "Hure, halan GRA ta cinye maki baki?" Ni?

Na naɗe ɗankwali ya zama hula, na yafa zanin gado ya zama babbar riga, na yi masu Alhaji Babaji, ubangidan Rabe a jam'iyya, wanda ya tsaida shi takara. Tari uku, a ɗaga hannun riga, "Jama'a, ni ba mai dogon bayani ba ne," sai kuma bayani tun daga zuwan Turawa. Delu ta kife kan tabarma. Wata tsohuwa ta ɓarar da kununta.

Mace ɗaya ce ba ta yi dariya ba, mai leshi ruwan toka. Ta danne baki da mayafi ta fice. Delu ta raɗa mani: Hajiya Iklima ce, matar Babaji. Na ce to ai ta fi kowa sanin ban yi ƙari ba.

Gabana ya faɗi. Kaɗan.

Litinin, 28 ga Yuni

Rabe ko gaisuwa bai ƙarasa ba. "Inna, kin kashe ni." Wai ana rabon shugabancin kwamitoci, kuma maganar Babaji ce ke yanka. In je in ba matarshi haƙuri, kuma in bar wasan nan har abada, girma ya kama ni.

Na ce zamanin soja na kwaikwayi kantoma a tsakiyar kasuwa, da sandarshi da tumbinshi, ba wanda ya ɗaure ni. Sai yanzu da ɗan da na goya ya hau kujera za a kafa mani doka?

Ya ce, "Don Allah, Inna." Da muryar da ya yi ranar da ya fasa gilashin fitila yana shekara bakwai.

Na ce zuwa zan je, amma ban da haƙuri a jaka. In kuwa hana ni wasa za a yi, Ƙofar Guga ba ta tashi ba. Na haɗa akwatina a gabanshi.

Laraba, 30 ga Yuni

Ban je ba. Su jira.

Alhamis, 1 ga Yuli

Na je da hantsi. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, gida, yara, ruwa, gajiyar suna. Ta sallami kowa ta rufe ƙofa.

"Hajiya Hure, kin ɓata mani rai ran Lahadi."

Na gyara zama, na tanadi amsa.

"Tarin nan ba a jere yake ba. Biyu yake yi, sai ya duba ko ana kallonshi, sannan na ukun."

Ta miƙe ta yi. Wayyo Allah! Har yadda yake lumshe ido in ya ce "talakawa". Shekara talatin tana tara shi ba ta da wanda za ta nuna wa. Ashe dariya ce ta kore ta daga gidan suna, kada a kai mashi labari. Muka yi ta dariya har na nemi ruwa.

Sai ta ce bari ta yi mani wata. Ta turo ɗankwali goshi, ta buga bayan hannu a tafi, ta karkata baki: "Ke dai bari! Ko uwata ce ta taso daga kabari haka zan saida mata!"

Ni ce.

Na ce ai ba ki taɓa zuwa rumfata ba. Ta ce, "Rabe ne. Lokacin kamfe in sun gaji shi ke yin ki a falon nan, ina leƙe ta labule. Alhaji har hawaye yake."

Ban yi dariya ba. Na ce rana ta yi, na taso.

Asabar, 3 ga Yuli

Ba na karkata baki. Na duba madubi.

To, kaɗan.

Na wuni ina tuna Zainab mai i'ina, wadda ta daina biyowa ta layinmu bayan na yi ta a gabanta. Lokacin cewa na yi ba ta san wasa ba.

Lahadi, 4 ga Yuli

Rabe ya shigo yana raɓe-raɓe, yana son jin yadda muka yi. Na ce Hajiya Iklima ta ce maganar ba za ta kai kunnen Alhaji ba, kwamiti kuma rabo ne. Haƙuri dai ban bayar ba, wasa kuma ban bari ba. Ya buɗe baki, na ce dakata, Honarabul. Cire hula. Yi ni.

Ya ce shi yaushe ya taɓa yi na? Ya fara rantsuwa. Na ce falon Babaji, lokacin kamfe. Ya dubi ƙofa, ya dubi Fadila. Ya aje hular. Da fari a tsorace, daga baya ya zare ɗankwalin matarshi ya turo goshi, ya buga hannu, har da uwata da kabarinta. Ɗan banza, ya iya. A ina ya ɓoye wannan duk shekarun nan?

Fadila ta fashe, haƙora waje, ba tafin hannu. Ta ce, "Ba haka Inna ke tsaki ba," ta ja nata. Ita ma!

Ni ban yi dariya ba. Tari ne ya sarƙe ni har hawaye.

Hajiya Iklima za ta zo ran Alhamis. Fadila ta ce ta iya Rabe in yana amsa waya, na ce ta riƙe sai ranar. Na tambayi Delu ko ta san inda Zainab take zaune yanzu, tambaya kawai.

Akwatin na kwance shi. Damina ce, kada kaya su yi fumfuna.