Ƙwaƙwalwar Wa Ta Samu Matsala?

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Hukumar Gudanarwa,
Cibiyar Koyon Kwamfuta ta bakin Ƙofar Kibo, Birnin Zariya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Alhaji yana cikin ƙoshin lafiya, ni ne Lawal Aminu na unguwar Kwarbai, mai kula da saba, wato babbar kwamfutar da sauran na aji suke jingine da ita. Na rubuto ta ofis, shiru. Na nemi iso, sakatare ya ce kana Kaduna. Ba rashin kunya ta fito da ni fili ba, tura ce ta kai bango.

Na farko. Tun da aka kawo saba aka ɗora mata wani furogiram da muke kira Maigadi. Aikinsa ya riƙa duba memorin da ke cikinta, in ya gaza awon da aka saita masa, sai ya yi ƙara ya fito da jan rubutu. Megabayit sittin da huɗu ne a ciki, a 'yan sanduna biyu, kuma haka aka saita shi. Bai taɓa kuka ba. Wata Asabar injiniyan ɗan kwangila ya zo yin sabis, manaja ya ce in ba da makulli in tafi gida, wai ba a buƙatata. Ran Litinin ina kunnawa Maigadi ya ɓarke da ƙara, ya nuna saura talatin da biyu.

Na biyu. Na kai wa manaja rahoto. Injiniya ya dawo, ya shiga ɗakin saba shi kaɗai ya ja ƙofa, jim kaɗan ya fito ya ce ya gyara. Ƙara kam ta tsaya. Amma da na duba, memori na nan talatin da biyu. Awon Maigadi kawai ya sauke ya daidaita shi da abin da ya saura. Ranka ya daɗe, an sace akuya ne aka ɗaure bakin kare. Ɗalibai na kukan kwamfutoci sun yi nauyi, ana ce musu laifin janareta ne.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Da na ƙi yin shiru, sai aka dakatar da ni, aka manna sanarwa a bakin ƙofa, da Hausa, cewa an dakatar da Malam Lawal saboda matsalar ƙwaƙwalwa. A ofishin nan memori muke ce wa ƙwaƙwalwar kwamfuta, daga manaja har masinja. Sanarwarmu kuwa kullum da Turanci take fita. Me ya sa wannan kaɗai aka yi ta da Hausa? Me ya hana a ƙara cewa ta kwamfuta? Manaja Bazazzagi ne haifaffen cikin ganuwa, ya san abin da kalmar nan take nufi a kunnen mutanen birni. An ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, amma biri ya yi kama da mutum.

Kafin la'asar labari ya kai Kusfa, unguwar danginmu. Goggona ta iso da rubutu a kwalba da turaren hayaƙi, tana kuka. A masallacin unguwa ni nake jan salla in liman ya yi tafiya. Ran nan na matsa gaba, wani dattijo ya dafa kafaɗata a hankali, aka gabatar da wani. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Abin takaici, in na zauna ina yi musu bayanin megabayit da sanduna da Maigadin da ke zaune cikin na'ura, sai su kalli juna su yi mini addu'ar samun sauƙi. Duk bayanin da na ƙara, ƙara tabbatar musu nake yi.

Don haka ina roƙon abu uku. A buɗe cikin saba a gabanka da shaidu, a ga ko sanda ɗaya ce ko biyu. A mayar da awon Maigadi yadda yake tun asali, ka ji da kunnenka ko zai yi shiru. A cire waccan sanarwa, a manna wata a gurbinta, da Hausar dai, mai faɗin ƙwaƙwalwar wa ake nufi.

In kuma hukuma na ganin ni na ɗauke sandar, to a rubuta ɓarawo ƙarara, na yarda. Wanda ake tuhuma da sata yana tsayawa gaban alƙali ya kare kansa. Mahaukaci kuwa ba a karɓar shaidarsa, ni kuma ni kaɗai ne shaidar abin da ya faru a ɗakin nan.

Allah Ya ja zamaninka, Ya ba ka ikon yin adalci, Ya kare ka daga mashawartan da ke zaɓa maka abin da za ka ji.

Wassalam.
Lawal Aminu, Kwarbai.