Man Habbatussauda a Tankin Kawu

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Alhaji da yara? Mu nan Limawa lafiya lau.

Sigarin lantarkin da kika aiko wa Kawu Iro don ya bar taba ya ishe ni. Ba hayaƙi, sai ƙauri. Na yi caji, na wanke ɗan tankin da ake zuba masa ruwan zuƙa, duk a banza. Da na duba audugar ciki, sai na ga ta daskare da maiƙo. Ashe da ruwan ya ƙare, man habbatussauda Kawu ya ɗura. Da na yi masa magana, wai, “Malamin boko, ai magani ne.”

Na ɓoye sigarin, don zuƙar mai tana da illa ga huhu. Yau kuma na jiyo warin taba a zaure. Ki aiko sabuwar auduga da ruwan, ki kuma kira Kawu, ke yake ji.

A sa mu a addu'a. A gaida Alhaji.

Ƙaninki,
Aminu