Jadawalin Gyaɗa da Baba Ya Karanta Daga Dama

Gaya, Litinin

Zuwa ga Naja'atu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da jaririya da su Baba da Inna. Ya ruwan zafi? Gidan nan ba daɗi tun da kika tafi Ajingi wankan jego.

Takarda na rubuto saboda in na kira waya a tsakar gida kike ɗauka, maganar kuwa ta Baba ce. Kin san gwajin irin gyaɗa huɗu da na yi wa ƙungiyar manoma bara. Manhajar lissafin da nake aiki da ita ta jera su a jadawali gefe da gefe, mafi yabanya a hagu, mafi lalacewa a dama. Da na tura wa Baba a matsayinsa na shugaban ƙungiya, sai manhajar ta ga fuskar waya ta yi mata kaɗan, ta haɗiye adadin buhunan, ta bar ɗigo-ɗigo. Ni kuma na rubuta a ƙasa cewa na farko ya fi. Baba mutumin allo ne, daga dama yake farawa. Ya tsaya a kasuwar Ajingi ya ce kowa ya sayi Doguwa, wadda ta zo ta ƙarshe! 'Yar Kademi ce ta fi, wallahi nesa ba kusa ba.

Da wane baki zan ce wa surukina ya yi karatu a baibai? Don Allah ki gaya wa Inna, ita ta san yadda za ta shigar masa da ita kafin ruwan shuka.

Ki shafa mini kan 'yar.

Naki,
Ja'afar

Gaya, Asabar

Naja'atu,

Sallama da fatan alheri. Ya ƙarfin jiki, ya kwanan jaririya?

Na ji saƙonki, wai Inna ta ce a bari sai ya gama da hidimar suna. Haba! Hadari zai jira suna ne?

Raina a ɓace yake. Manhajar nan kyauta ce, 'yan sa-kai daga ƙasashe daban-daban ke gina ta, kowa yana iya kai gyara. Na zauna na rubuta nawa: in waje ya yi kaɗan, a jera abubuwa daga sama zuwa ƙasa, kowanne da lambarsa da adadinsa, kada a haɗiye komai. Sama dai sama ce, ko ta ina mutum ya fara. Na tura musu, har da labarin Baba. Wani ya ce abin ya taɓa masa zuciya, amma in sake sunan wani sashe. Na sake. Wata ta ce tsohon sunan ya fi. Tun shekaranjiya suke musu a kan ko zanen da ke raba layuka ya zama siriri ko mai kauri. Ni ina duba gabas, su suna auna kaurin zane.

Ba laifinsu ba ne, ba wanda ke biyansu. Amma na gaji, kuma ina jin tsoro.

Ki sake tuna wa Inna. A gaida kowa.

Ja'afar

Gaya, Alhamis

Naja'atu,

Barkanmu da ruwa. Ina fata ke da 'yar kuna cikin ƙoshin lafiya.

Sun karɓi gyaran nawa yau da safe, har da tafi da yabo. Na buɗe a waya, ga shi tsaf, 'Yar Kademi a sama. Ban ji daɗin komai ba.

Yayanki Kamilu ya zo da saƙon Baba. Ashe Inna ta gaya masa tun jiya, ya kuma gane sarai. Ya ce mutane sun sayi Doguwa a kan maganarsa, wasu har sun shuka, don haka ba zai zame ya shuka mai kyau shi kaɗai ba. Duk gonarsa ta bakin rafi Doguwa zai zuba. Bai ce mini ko kanzil ba a kan laifi, sai ma sa albarka. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ya kuma haɗo Kamilu da tiya biyu ta irin Doguwar, wai ni ma ɗan ƙungiya ne. 'Yar Kademin da na tanada tana nan a ɗaki, sai dai ki yi mana ƙuli da ita in kin dawo. Gobe da sassafe zan fita shuka.

Ki ce wa Baba na gode.

Mijinki,
Ja'afar