Rabe da Ragon Sunan Gidan Malam Ila

Unguwar Sarki, Kaduna
14 ga Agusta, 1976

Zuwa ga Yaya Abdurrahim,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa kana lafiya, kai da iyali, ya ba ku haƙurin zaman Fatakwal da ruwanta. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke tashi in an yi sanyi.

Yaya, saƙonka ya iso, cewa kana so ɗanka Rabe ya bar karatun likitan dabbobi a jami'ar Zariya ya koma na mutane, in ya ƙi ka janye hannunka. Ban ɓoye maka ba, da ni ma tsiya nake masa, ina ce masa likitan awaki. To, ji abin da ya faru da ya zo mana hutu.

Maƙwabcinmu Malam Ila, direba a tashar Kawo, an yi masa haihuwa. Ranar suna da safe ragon ya faɗi yana shure-shure, baƙin jini na fita ta hancinsa. Ka san halinmu, nan da nan aka ce a kawo wuƙa kada ya zama mushe. Sai ga ɗanka ya ratsa dattawa ya tsaya a kan ragon, ya ce don Allah kada a yanka, yana zaton ciwon saifa ne, kuma yana kama mutum ta jini da nama. Wani tsoho ya ce boko ya ɓata yaro. Malam Ila har da hawaye, ya ce da wane ido zai kalli surukansa. Rabe bai ɗaga murya ba, bai kuma matsa ba. Ya durƙusa ya ba su haƙuri, ya ce a zage shi ya yarda, amma a jira ma'aikatan dabbobi. Suka zo, suka gwada jinin, suka ce shi ne. Aka haƙa rami mai zurfi aka binne, maƙwabta suka haɗu suka kawo wani rago.

Wallahi yaron nan ya burge ni, na kuma ji kunyar tsiyar da nake masa. Ni aka sa suyar naman ranar, Yaya. Ka kuwa san 'ya'yana Hasiya da Lawan ba sa barin gindin murhuna, da su za su fara cin hantar. Har yau in na tuna sai in gode wa Allah.

Don haka nake roƙonka, don girman Allah ka bar shi ya ƙarasa. Shi ba zai yi maka musu ba, in ka ce ya bari zai bari, abin da ke ba ni tsoro ke nan.

Ka gaishe mini da Yaya Safara'u da Zuwaira da Tijjani. Inna tana gaishe ka, ta ce ita ma roƙonta ke nan.

Ƙanwarka,
Turai