Kunyar Ɗiyar Fari

Zuwa ga ɗana Alƙasum, a Kumasi.

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya. Mu nan Afala sai godiya. Gero ya yi dama-dama, ƙafata kuwa tana nan yadda ka bar ta, ko da yake ba ka tambaya ba.

Saƙonka ya iso. Ka gai da kowa, har jaki ka tambaya, amma ba ka ambaci Habi ba. Na sani, ɗiyar fari ce, kunya kake yi. To, saurara.

Yarinyar nan ba ta da lafiya. In ta taka daga ɗaki zuwa rumbu sai ta tsuguna tana haki, leɓɓanta da faratanta su yi shuɗi kamar ta taɓa baban rini. Da ina tsokanarta, ina cewa wace irin mata na aura, raguwa, ko fura ba ta dama mini. Takan ce tsohon miji ba ya cin fura sai ya biya. Yanzu numfashin ramawa ma babu.

Wanzami ya yi mata tsaga a ƙirji, an sha rubutu, ba sauƙi. Matarka Kaltumi ta matsa, na kai ta gidan likita a Tawa ba da son raina ba. Likitan ya ɗora ƙarfe a ƙirjinta, ya ce da huda a zuciyarta aka haife ta, kuma ko Yamai ba a ɗinke irin wannan. Na ce wanda bai ga ciki ba yaya ya san da huda? Amma ni ma da na kara kunnena, na ji abin yana huci kamar zugazugi.

Jiya ta tambaye ni ko ubanta ya san sunanta, don ba ta taɓa jin ka kira shi ba. Na ce ya sani. Ba ta yarda ba.

Ni ban taɓa kiran sunan wanka Manzo, ɗan farina, ba har muka binne shi, kuma ban ce al'ada ta yi laifi ba. Amma shi ya san fuskata kullum. Kai kana nesa. Ka taho kafin kaka ta wuce, ka kira ta da bakinka sau ɗaya. Kowa ya yi magana, ka ce ni na sa ka.

Uwarka Safi da Kaltumi suna gaishe ka. Ka gai da abokinka Yunusu. Habi ta ce kar in sa gaisuwarta sai ka fara.

Ubanka,
Illa