Tutar da Sulemanu Ya Ƙwace

Laraba, 3 ga Agusta 2022
Yau a bikin 'yancin kai hannuna ya yi rawa, bakin tuta ya taɓa ƙasa gaban perfe, shugaban gundumarmu. Taɓawa kawai. Tun da muka kafa ƙungiyar tsoffin sojoji a Dogon Dutsi ni ke riƙe ta, ban taɓa kunyata kowa ba.

Lahadi, 7 ga Agusta
Taron biro, wato shugabannin ƙungiya. Sulemanu, shugabanmu, mai muƙamin ajidan a soja, ya zauna tsakanin sakatare da ma'aji kamar alƙali. Ya ce, "Ma'azu, hannunka ya gaji, a ba Abdulwahid." Gaban wakilan Matankari da Dumega! Mutumin da na goya a bayana cikin duwatsun Ayar ranar da harsashi ya fasa masa cinya.

Dokarmu ta farko: soja ba ya shiga kabari sai tuta ta rusuna masa. Neman fansho da duba matan mamata duk a bayanta suke. To na rantse, ranar tasa ba zai ga ƙafata ba.

Juma'a, 16 ga Satumba
Kasuwa. Sulemanu ya miƙo hannu, na duba farashin albasa.

Asabar, 22 ga Oktoba
Na hau kabu-kabu har Tibiri, na zauna da 'yan reshen can. Zaɓen biro na Disamba, kowane reshe da ƙuri'arsa. Iro, shugabansu, ya ce, "Mi yam maka haka da zahi?" Na ce ya jira ya gani. Ina so Sulemanu ya ji yadda ake sauke mutum ana kallo. Matata Sahura ta ce tsufa ya sa ni riƙo kamar yaro. Ita ba ta taɓa sa kaki ba.

Litinin, 14 ga Nuwamba
Wai Sulemanu ya faɗi a gona, an kai shi asibiti. Ban je ba. Raina ya ɓaci, kada ya tsere mini kafin zaɓe.

Talata, 15 ga Nuwamba
Ya tsere.

Laraba, 16 ga Nuwamba
Da safe matarsa Clémentine ta yi sallama. Abdulwahid yana Yamai wajen takardun fansho, jana'iza kuma gobe a majami'a. Na ce mata ni an ce hannuna ya gaji.

Ba ta yi gardama ba. Ta kwance ɗaurin zane ta ajiye mini ɗamarar fata sabuwa, mai aljihu a gaba inda gindin sandar tuta zai zauna, nauyin ya koma kan ƙugu. Ta ce, "Tun watan jiya ya sa baduku na Matankari ya ɗinka maka. Yana jiran ka amsa gaisuwa tai ya ba ka."

Na ce ta ɗauki kayanta. Ta tafi ta bar shi kan tabarma.

Alhamis, 17 ga Nuwamba
Na je. Don doka na je, kada a ce reshen Dogon Dutsi ya binne soja kamar baƙo. Tuta ta rusuna daidai, ba ta taɓa ƙasa ba.

Har yanzu ina jin haushinsa. Mutum mai baki, me ya hana shi faɗa?

Ɗamarar ta yi mini cif, ban san yaushe ya auna ƙuguna ba. Sahura ta ce in cire in ci tuwo. Na ce sai an jima.